Kuɗin Sauyin Yanayi: Ina Rabon Potiskum?

Duk ɗan Arewa da ke neman abincinsa a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ya san sunan Potiskum, ko da kuwa bai taɓa sa ƙafa a garin ba. Daga can ne manyan motoci ke tasowa maƙil da shanu da tumaki da awaki, su kwana biyu ko uku a kan hanya kafin su sauke a mayankar Oko-Oba ta Agege, ko a karar Akinyele ta Ibadan, ko a Lokpanta ta Jihar Abiya. Kasuwar shanun Potiskum tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kasuwar hatsinta kuwa ita ke tara gero da dawa da wake da riɗi daga Fika da Nangere da Fune da sauran wurare. Idan damina ta yi kyau a wannan yanki, mahauci a Agege zai gani a cinikinsa. Idan ta ɓaci, mai sayar da tsire a Obalende zai ji a jikinsa, kafin ma wasiƙar neman taimako ta iso daga gida.

Saboda haka maganar kuɗin da manyan ƙasashe suka yi alkawarin bayarwa domin ƙasashe masu tasowa su jure wa sauyin yanayi, magana ce da ta shafi tukunyar mai karatu. Abin da ya dace a kanta kuwa a fili yake. Kuɗin nan ya kamata su zo a matsayin tallafi wanda ba a biya, domin waɗanda suka ɓata iskar duniya ne ke bayarwa ga waɗanda ɓarnar ta faɗa wa. Kuma ya kamata su sauka har cikin gundumomi, inda manomi da makiyayi za su faɗi abin da za a yi da su, su kuma ga lissafinsu da idonsu. Tallafin da ya tsaya a Abuja ko Damaturu, da shi da babu duk ɗaya ne ga mutumin Mamudo.

Abin da ya sauya

Dattawan wannan yanki ba sa bukatar wani masani ya gaya musu cewa yanayi ya juya. Sun ga farin 1972 zuwa 1974, sun ga na 1983 da 1984, wanda ya haɗu da annobar bushiya ta kwashe garken shanu. A waɗannan shekaru ne Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. A waɗannan shekaru ne kuma cin rani ya zama ƙaura ga mutane da yawa, suka gangara Kudu da niyyar wata uku, ga shi har sun aurar da jikoki a can.

Daga baya ruwa ya dawo, amma bai dawo da halinsa na da ba. Masana sun bayyana dalili: duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100, kuma idan ta tashi sakinsa sai ta sake shi gaba ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadarai masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Watau manomi yana iya shuka, ruwa ya ɗauke masa mako uku har shukar ta ƙone, sa'an nan ruwan wata guda ya sauko cikin dare ɗaya ya tafi da gona da katanga.

An ga haka a 2022, lokacin da ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jihar Yobe kuma tana cikin waɗanda abin ya shafa. An sake gani a watan Agusta na 2024, da ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, hanyar da motocin Potiskum ke bi, sa'an nan a ranar 10 ga Satumba na wannan shekara madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. A damina ta 2025 ma ruwa ya shiga unguwannin Potiskum kanta ya rusa gidaje. A arewacin jihar kuwa, a Yusufari da Yunusari da Machina, rairayi ne ke cin gonaki da rijiyoyi. Garin da ya haura mutum dubu 200 tun a ƙidayar 2006, wanda kuma ya ƙara cika da waɗanda rikicin Boko Haram ya koro, yana tsakanin ruwa da rairayi ke nan, alhali magudanansa ba a gina su don irin wannan ruwa ba.

Alkawari da cikawa

Sanin kowa ne cewa hayaƙin da ke ɗumama duniya ba daga Potiskum ya fito ba. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da abin da ya kai kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi a shekara. Ƙasashen Turai da Amurka ne suka shafe fiye da shekara 150 suna ƙona kwal da mai har suka yi arziki, daga baya Sin da wasu suka bi sahu. Don haka ne a taron Kopenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin tara dala biliyan 100 a kowace shekara kafin 2020. Ba su cika ba sai a 2022, bisa ga lissafin ƙungiyarsu ta OECD, wadda ta ce an kai dala biliyan 115.9 a wannan shekara.

To, amma sai a duba abin da ke cikin buhun. A cikin wannan jimla, abin da aka ware don jure wa sauyin yanayi, watau gyaran magudanai da samar da ruwa da irin shuka da makamantansu, dala biliyan 32.4 ne kacal. Mafi yawan sauran ya tafi ga ayyukan wutar lantarki da sufuri, waɗanda ke rage hayaƙi kuma suke kawo riba. Bugu da ƙari, kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ya fito daga gwamnatoci da bankunan raya ƙasa rance ne. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa ƙasashe masu tasowa na bukatar tsakanin dala biliyan 215 zuwa 387 a shekara don wannan aiki kaɗai. An yi wani alkawari a Glasgow a 2021 cewa za a ninka kuɗin kafin 2025, aka yi wani a Baku a 2024 na dala biliyan 300 a shekara kafin 2035, a taron Belem na Brazil a 2025 kuma aka yi kira da a ninka kuɗin juriya sau uku. Asusun biyan asara da ɓarna da aka amince da shi a Masar a 2022, da aka zo buɗe shi a Dubai a 2023 abin da aka yi alkawarin zubawa bai wuce kimanin dala miliyan 700 ba, ga duniya baki ɗaya.

Wannan adadi yana da abin lura, domin daidai yake da kuɗin shiri guda ɗaya a Nijeriya. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda aka tsara wa jihohin Arewa 19 da Abuja, da nufin farfaɗo da ƙasa hekta miliyan ɗaya cikin shekara shida. Shi ne mafi girman shiri irinsa da ya shafi Yobe, kuma ayyukan da aka tsara a cikinsa, na dashen itatuwa da tare zaizayar ƙasa da tara ruwa, ayyuka ne da ake bukata. Sai dai fa kuɗin rance ne.

Me ya sa rance bai dace ba

Masu kare irin wannan rance suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa rance ne mai sauƙi, kuɗin ruwansa kaɗan ne, ana ba da shekaru kafin a fara biya, ana kuma biya a cikin shekaru masu yawa. Suna cewa tallafin da ke duniya bai isa ya yi aikin ba, don haka gara a ci bashi a yi magudana yau da a jira kyautar da ba a san ranar zuwanta ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai abubuwa uku da hujjar ba ta amsa ba.

Na farko, ɗan kasuwa ya san cewa ana cin bashi ne don abin da zai biya kansa. Wanda ya ranci kuɗi ya sayi tirela, tirelar ce za ta biya. Idan aka ranto kuɗi aka gina mayanka ta zamani a Potiskum, da motoci masu sanyi da za su kai nama Legas maimakon a ɗauki saniya da ranta ta rame a hanya, wannan aiki yana iya biyan bashinsa, kuma rance ya dace da shi. Amma magudanar ruwa a Dogo Nini ba ta karɓar haraji. Jerin itatuwan da ke tare iska ba ya sayar da tikiti. Burtalin da aka shata aka kafa masa alamu, ko tafkin da aka yashe don shanu, amfaninsu shi ne asarar da suka hana, asarar da aka hana kuwa ba a kai ta banki. Kuɗin biyan irin wannan bashi daga kason jihohi da na tarayya zai fito, watau daga abin da da an kashe a makaranta da asibiti.

Na biyu, bashin da kuɗin waje ake biyansa. Lokacin da aka amince da ACReSAL, dala tana wajen Naira 410 a farashin gwamnati, ke nan dala miliyan 700 ta kama kusan Naira biliyan 290. Bayan an saki Naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura Naira 1,500 a 2024, wannan bashi ɗaya ya koma sama da Naira tiriliyan ɗaya, ba tare da an ƙara ranto ko sisin kwabo ba. Sauƙin kuɗin ruwa bai hana wannan ba. Ƙasar nan ta taɓa sanin ɗacin bashi: sai da ta biya dala biliyan 12 kafin masu bin ta na Ƙungiyar Paris su yafe mata dala biliyan 18 a yarjejeniyar 2005. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Na uku kuwa maganar adalci ce. Idan shanun mutum suka shiga gonar maƙwabcinsa suka yi ɓarna, mai gari ba ya cewa mai shanu ya ranta wa mai gona kuɗin iri. Cewa yake yi ya biya. Ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar yanayi ta 1992 sun amince a rubuce cewa nauyin bai zama ɗaya ba, kuma masu arziki za su taimaka wa masu rauni da kuɗin jure wa abin da zai biyo baya. Mayar da wannan nauyi ya zama ciniki, wanda mai ɓarna zai karɓi uwar kuɗinsa har da ɗan ƙari, bai yi kama da abin da aka sa wa hannu ba.

Akwai kuma wani ƙulli da ya shafi Yobe musamman. Saboda man fetur da kasuwancin Legas, ba a lissafa Nijeriya cikin jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, don haka ba ta da rabo a asusun tallafin da aka keɓe musu, alhali Nijar da Chadi suna da shi. Manomin Machina da na ƙetaren iyaka rairayi ɗaya ke binne musu gona, amma ɗaya ana ganinsa talaka, ɗayan kuwa ana lissafa shi da arzikin da bai taɓa gani ba. Wajibi ne wakilan ƙasar nan a tarurrukan duniya su riƙa kawo wannan magana, a auna bukata da halin yanki maimakon a tsaya ga sunan ƙasa.

Darasin Garin Alkali

Kada a ɗauka cewa da zarar an ce tallafi, magana ta ƙare. Yobe ta taɓa samun tallafi na gaske. A farkon shekarun 1990 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin shirin raya yankin hamada na Arewa maso Gabas, wanda aka fi sani da NEAZDP, mai hedkwata a Garin Alkali kusa da Gashuwa. Shirin ya shiga ƙauyukan arewacin jihar, ya zauna da mutane, aka haƙa rijiyoyi, aka kafa wuraren renon itatuwa, aka ba da shanun noma. Sai ga shi a watan Nuwamba na 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas a Fatakwal, Turai ta dakatar da taimakonta ga Nijeriya, shirin ya rasa uwarsa. Manomin Jakusko bai san hawa ba bai san sauka ba, amma shi ya biya. Gwamnati ta ci gaba da riƙe shirin, sai dai bai sake samun ƙarfinsa na farko ba.

Abin ya maimaita kansa bayan shekara 30. A farkon 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta sanar da fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris, ta soke dala biliyan 4 da aka yi alkawarin zubawa a babban asusun yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya mai hedkwata a Koriya ta Kudu, ta kuma rushe hukumarta ta USAID. Ayyuka da yawa a Arewa maso Gabas suka tsaya cik. Darasin dai ɗaya ne: tallafin da ya rataya ga ra'ayin gwamnati guda, zaɓe ɗaya ko fushi ɗaya ya isa ya tsinke shi. Itace kuwa ba ya girma cikin shekara uku na kwangila. Don haka tallafin da ya kamata a nema shi ne mai dogon wa'adi, wanda ya biyo ta asusun da ƙasashe da yawa ke zubawa, kuma wanda jiha ta ɗora nata kason a kai tun daga ranar farko, yadda idan baƙo ya tafi aiki ba zai mutu ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Gyara daga gida

A nan ne maganar ta dawo gida, kuma ba daɗin ji gare ta ba. Tun a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kafa Asusun Gyaran Muhalli, ana cire masa kashi 1 cikin 100 na asusun tarayya, aka mai da shi kashi 2 a 1992. Fiye da shekara 40 ke nan ana cire wannan kuɗi don zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada, jihohi da ƙananan hukumomi kuma suna da kasonsu. Wannan tallafi ne na cikin gida, babu wanda ake roƙo, babu kuɗin ruwa. Amma talaka nawa ne a ƙasar nan zai iya nuna aikin da aka yi da kason ƙaramar hukumarsa? A 2018 wata kotu a Abuja ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, saboda karkatar da sama da Naira biliyan ɗaya na wannan asusu, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. Masu ba da tallafi suna karanta irin wannan labari. Suna kuma ganin wutar iskar gas tana ci a yankin Neja-Delta, alhali dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin ranar dainawa. Wanda ke neman a biya shi haƙƙinsa, ya fi ƙarfin magana idan hannunsa a wanke yake.

Ko kuɗin da suka zo daga waje ma, kaɗan ne ke isa ƙasa. Wata cibiyar bincike ta Landan, IIED, ta bi sawun kuɗin asusun yanayi daga 2003 zuwa 2016, ta tarar abin da aka nufa da shi kai tsaye ga ƙananan hukumomi da al'ummomi bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Takardar neman tallafi tana iya kai ɗaruruwan shafuka cikin Turanci, ana shekaru kafin a amince da ita, kuma sai hukumar da aka tantance ce ke da ikon miƙawa. Sai a 2024 babban asusun yanayi ya tantance Bankin Raya Ƙasa na Nijeriya don ya karɓi kuɗi kai tsaye, alhali Senegal ta sami irin wannan dama a wani asusun tun 2010. Kafin kuɗi su ratsa hukumar waje, da ma'aikatar tarayya, da ofishin jiha, da masu ba da shawara, da motoci da tarurrukan otal, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wadda Yobe ke cikin jihohi 11 da ta ratsa a ƙasar nan, rahoton 2020 ya nuna hekta miliyan 4 aka farfaɗo a kan layinta, daga cikin miliyan 100 da ake buri kafin 2030.

Abin da ya yi aiki a wasu wurare

Ba a rasa misalin abin da ya yi nasara ba, kuma mafi kusa a ƙasar Hausa yake. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututturen itace a gonakinsu. Sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe sauran, su bar gawo da kalgo da sabara su tashi tare da gero. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, da kuɗin da bai kai na manyan gandayen da aka dasa suka bushe ba.

Misali na biyu daga yankin makiyaya na arewacin Kenya ne. An fara a Isiolo wajen 2012, daga baya Wajir da Garissa da wasu suka ɗauka. An kafa asusun yanayi a matakin ƙaramar gwamnati, masu tallafi suka zuba, gwamnatin yankin ma ta ɗaure kanta da doka cewa za ta riƙa sa kashi 1 ko 2 cikin 100 na kasafin ayyukanta. Ƙa'idar rabon kuwa ita ce kashi 70 ga ayyukan da kwamitocin gundumomi suka zaɓa, kashi 20 ga ayyukan yankin gaba ɗaya, kashi 10 kacal ga gudanarwa. Makiyaya suka zaɓi gyaran tafkuna da killace su da kula da lafiyar dabbobi, ma'aikatan gwamnati kuma aikinsu ba da shawara ta fasaha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Babu abin da zai hana a yi haka a Potiskum da gundumominta 10. Dokar Sauyin Yanayi da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Nuwamba na 2021 ta tanadi asusu na ƙasa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya ce a biya ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Abin da ya rage shi ne Majalisar Dokokin Jihar Yobe ta yi dokar asusun yanayi na ƙananan hukumomi, a zuba kason gyaran muhalli a ciki, a kafa kwamiti a kowace gunduma wanda ya ƙunshi manoma da makiyaya da mata da 'yan kasuwa da wakilan masarautun Fika da Pataskum, a kuma liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa cikin Hausa. Ayyukan ba sai an yi dogon bincike ba: magudanai da hana gini a kan hanyar ruwa, iri mai saurin nuna, rumbun abincin dabbobi don watannin bazara, burtali da mashaya, labarin hasashen ruwan sama ta rediyo da wayar hannu kafin a yi shuka. Ƙaramar hukumar da ta nuna shekara uku na lissafi mai tsabta da kuɗinta, ita ce za ta iya tsayawa gaban kowane asusu na duniya ta ce a ba ta tallafi, a kuma ji kunyar hana ta.

Aikin mazauna Kudu

Ɗan Arewa mazaunin Kudu shi ne asusun agajin da bai taɓa saɓa alkawari ba. Idan gona ta ƙone ko ɗaki ya faɗi, shi ake bugo wa waya, daga kuɗin gadi ko acaɓa ko turin baro yake cirewa ya aika. Kuma kowace damina da ta ɓaci tana ƙara masa ƙanne biyu ko uku a ɗakin da yake haya, a garin da aka taƙaita acaɓa a 2020 aka ƙara tsanantawa a 2022, inda kuma rigima ƙarama take iya zama irin ta kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairu na 2021. Wanda ke biyan wannan farashi yana da haƙƙin tambaya.

Yana kuma da ƙarfin da bai cika lura da shi ba. Da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki a ƙarshen Fabrairun 2021, farashin nama da tumatir da albasa ya tashi nan da nan. Wannan ya nuna wa kowa cewa lafiyar gonakin Arewa maganar cikin Legas ce. Ƙungiyoyin 'yan asalin gari, da na mahauta da direbobi, da majalisun Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Ibadan da sauran wurare, suna da rajista, suna da masu ilimi, suna da kuɗin mota. Suna iya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar mazaɓarsu tambayoyi huɗu: nawa ne kason gyaran muhalli da ya shigo a shekarar da ta wuce, me aka yi da shi, waɗanne ayyukan ACReSAL ne aka sa wa yankinsu, kuma wa zai biya bashin. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman irin wannan bayani daga ma'aikatun tarayya. Waɗanda suka je gida da Salla kuma suna iya zuwa su ga aikin da aka ce an yi, su ɗauki hotonsa, su kawo rahoto a taron wata.

Haka nan lokacin zaɓe, idan 'yan takara suka biyo zango-zango suna neman a koma gida a jefa musu ƙuri'a, buhun shinkafa bai isa amsa ba. A tambaye su ko za su goyi bayan dokar asusun gundumomi, a kuma rubuta amsar.

Manyan ƙasashe suna da bashi a wuyansu, kuma ya wajaba wakilan Nijeriya su ci gaba da neman a biya shi a matsayin tallafi, ba tare da jin nauyin kowa ba. Amma randa kuɗin suka zo, ko da yawa ko kaɗan, za su bi hanyar da suka tarar ne. Idan hanyar ta ƙare a ofis, a ofis za su ƙare. Idan an share ta har Yerimaram da Dogo Tebo da Mamudo, can za su isa. Share wannan hanya aikin 'yan gida ne, na can da na nan Kudu, kuma lokacin yin sa shi ne rani, tun hadari bai haɗu ba. Allah ya ba da damina mai albarka.